Shekarar da Aka Yabi Kunyata

Wannan babin naki ne, ke babbarsu. Ƙannenki Sani da Bashiru suna iya karantawa in sun ga dama, amma su jira ki gama. Sauran abin da na rubuta a littafin nan, na cinikin albasa da tafiya Makka, ko ban rubuta ba wani zai ba ku labari. Wannan kuwa an riga an ba ki shi, sai dai a karkace aka ba ki, kuma waɗanda suka ba ki ba maƙaryata ba ne. Abin da idonsu ya gani suka faɗa. Ni ce ban taɓa buɗe baki na faɗi nawa ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne rasuwar yayata Ramatu, bara, a Madekali. Ita ta shayar da ke, ita ta raine ki, ita kike kira Inna. Ni da na haife ki Inna Zali kike ce mini, yadda 'ya'yanta suke faɗa. Ranar zaman makoki muna kan tabarma ɗaya, mata suna shigowa suna wuce ni suna durƙusawa gabanki da gaisuwa. Ban ji haushi ba, haka ya kamata. Sai wata tsohuwa ta dafa ki ta ce ki yi haƙuri, kika ɗago da idanu jajur kika ce:

"Yau kam na zama marainiya."

Tsakanina da ke bai kai kamu uku ba. Na ci gaba da jan carbina kamar ban ji ba, don na daɗe da ƙwarewa a wannan aikin. Amma a zuciyata na ce ba zan mutu ki tafi da wannan maganar ba.

Tun ina budurwa an san ni da hali biyu. Wani watan in tashi kamar an zuba mini garwashi a ƙafa, in yi daka, in yi wanki, in share har ƙofar maƙwabta, bakina ba ya hutawa. Wani watan kuma ko ɗankwalina ya faɗi sai in ji ƙyuyar ɗauka. Iya, mahaifiyarmu, takan ce a bar Zali da halinta. Babanku, Allah ya jiƙansa, a watan garwashi ya fara ganina, a bakin gulbi ina cinikin kifi ina zazzaga wa masunta tsiya, ya koma gida ya ce ni yake so. Daga baya nakan tsokane shi in ce rabin kaya ya gani ya saya, shi kuma ya ce ai ban bar shi ya buɗe buhun ba.

Da cikinki ya tsufa aka mayar da ni gidan Iya, nan Malanville bayan kasuwa, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na haife ki da hantsi a matarniti, asibitin haihuwa, lokacin da gulbi ya cika har ya taɓa gonakin shinkafa. Ga abu na farko da nake so ki riƙe: da aka ɗora mini ke a ƙirji na ji son da ban san akwai irinsa ba. Kanki yana ƙamshin sabon tulu da aka zuba wa ruwa. Na yi ta shinshinar ki har ungozoma ta yi dariya ta ce in bar saura don gobe.

Kin san kunyar ɗan fari, ke ma kin yi wa naki. Amma ta zamaninku wasa ce. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai ta kau da kai kamar an sa ta dole. Kakarki ta wajen uba kuwa, wadda muke kira Goggo, Bafulatana ce daga Tumbutun nan tamu ta kusa, ba ta Mali ba, wurinsu abin ya fi tsanani. Babanku ɗanta ne na fari, har ta bar duniya "wancan" take ce masa. Na san duk wannan, an karanta mini shi tun ina da ciki. Sai dai tun ranar da na haife ki barci ya ƙaurace mini, ni ma ban neme shi ba. Iya tana yi mini wankan jego safe da yamma, ruwa yana tafasa tana fyaɗa mini da ganyen darbejiya, sauran mata kuka suke yi, ni waƙa nake yi. Ta dama kunun kanwa in kurɓa in ajiye, in ce ba ni da lokacin sha.

Ranar suna da safe maza suka yi addu'a a ƙofar gida, aka shigo da labari cewa an mayar miki da sunan Goggo. Kunya ta zama biyu ke nan, sunan ɗiyar fari kuma sunan uwar miji. Ina ɗaki a lulluɓe, abin da ya kamata in sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Sai kawai na gan ni a tsakar gida, ke a hannuna, na ɗaga ki sama ina juyi, ina kiran sunan da ƙarfi, ina rera shi, ina sumbatar tafin ƙafarki. Na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina cewa su ƙirga yatsunki. Masu daka suka tsaya da taɓare a hannu. Har gaban Goggo na je, na durƙusa na miƙa mata ke.

"Goggo, duba takwarakki. Kin taɓa ganin ɗiya awa wagga?"

Goggo ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ta miƙe, matan rugarsu suka miƙe tare da ita, ko tuwon suna ba su taɓa ba. A zaure ta tsaya ta ce wa Iya, ba da faɗa ba:

"Ku nemi magani. Wanga ya wuce rashin kunya."

Kwana biyar bayan haka Iya ta fita sayen itacen wanka. Na ɗauko zanen goyon da ta tanadar miki, saƙi ne mai ratsin baƙi, na goya ki, cibiyarki ko gama warkewa ba ta yi ba. Na fita ba takalmi, na ratsa kasuwa ina gaida kowa, na miƙe hanyar gadar da ta ƙetare gulbi zuwa Gaya. Ina jin ɗuminki a bayana, ina jin numfashinki a tsakanin kafaɗuna, kuma har yau in na rufe ido ina iya nuna miki wurin da kuncinki ya kwanta. A raina so nake ki ga gulbi daga sama, ki hango hanyar Gaya, in gaya miki duk naki ne. Na wuce 'yan duwan, wato kwastan, suna kirana ban waiga ba. Da na kai tsakiyar gada na kwance ki, na jingina da ƙarfen, na miƙa ki wajen ruwa don ki gani da kyau. Wani dattijon jandarma ya matso a hankali yana yi mini barka, ya ce shi ma a ba shi ya ga amarya. Na ji daɗi an yaba ki, na ba shi. Bai mayar mini da ke ba.

An gaya miki na so in jefa ki a gulbi. Na san an gaya miki, don na ji yaran Madekali suna faɗa. Ban so ba, Allah shi ne shaidata. Amma ba zan wanke kaina fiye da gaskiya ba. Na kwana goma sha biyu ban rintsa ba, kuma da kin suɓuce, kyakkyawar niyyata ba za ta tsamo ki ba. Wannan dattijon ban san sunansa ba, amma ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba. Daga gidan Iya zuwa tsakiyar gada, iyakar goyon da na taɓa yi miki ke nan a duniya.

Aka ce iskar ruwa ce ta shafe ni. Aka rufe ni a ɗaki, aka yi hayaƙi, aka wanke allo na sha har cikina ya ƙi karɓa. Ba a kawo mini ke sai lokacin nono, Iya na zaune gefe ɗaya, Ramatu ɗaya gefen. Bayan kamar sati uku wutar ta mutu da kanta, kuma ba ita kaɗai ta mutu ba, ta tafi da komai. Na wayi gari ba na son magana, ba na son haske, ba na jin ɗanɗanon abinci. A ɗora mini ke, in juya fuska ga bango har ki gama. Kukanki nake ji kamar daga gidan maƙwabta yake fitowa. Na lalubi son nan na ranar haihuwa a ƙirjina na rasa, na yi ta roƙon Allah ya mayar mini da ko kaɗan ne. Na ɗauka ni wata la'ananniya ce, kuma gara ki tashi ba ki san ni ba.

To a nan ne aka yi kuskuren da ya ci mu, ni da ke. Mata masu zuwa dubiya suka leƙo suka gan ni shiru, kai a sunkuye, ko inda kike ba na kallo, sai suka fara hamdala.

"Alhamdu lillahi, hankali ya komo. Ku dubi yadda taka kauda kai."

"Rubutun ga ya yi aiki. Ko tsohuwar Bahillata sai haka."

Goggo da kanta ta dawo da ƙwaryar nono da man shanu. Ta zauna ta daɗe tana kallona, ni kuma ina kallon bango, sannan ta ce wa Iya yanzu kam ta ga ɗiyar mutane. Iya ta yi kukan daɗi. Ban taɓa samun yabo a rayuwata kamar na wannan watan ba, kuma ban taɓa kusantar kabari kamar a cikinsa ba. Ranar da na so ki a fili sun ce ciwo ne, ranar da ciwon ya cinye son sun ce tarbiyya ce. Ni kuma ba ni da ƙarfin da zan ce musu sun juya abin.

Babanku ne ya gane. Mijin mai jego ba ya daɗewa a gidan surukai, ya gaisa daga zaure ya tafi. Ran nan ya zo da soyayyen kifi irin wanda nake so, ya roƙi Iya ta bar shi ya zauna a bakin ƙofar ɗakina. Ya zauna tun hantsi har aka kira azahar. Da ya tashi na ji shi yana magana da Iya ƙasa-ƙasa.

"Iya, ki gahwarce ni, amma wagga ba kunya ta ba."

"Kai kuma mi kas sani ga kunyar mata?"

"Na san ta Goggo. Ba ta kiran sunana, amma in na juya baya ina jin idonta bisa wuyana. Mai kunya tana satar kallo, Iya. Tun sahe nike zaune, Zali ba ta saci kallon ɗiyag ga ba ko sau guda."

Iya ta koma kan aikinta. Amma da na gama arba'in ita ta ɗaure mini kaya, ta ce ya kai ni inda zai kai ni.

Yamai ya kai ni, wurin likitan masu ciwon kai irin nawa. Dattijo ne, yana haɗa Hausa da Zabarmanci. Bai tsaya ga zancen gada kawai ba, ya koma har budurcina, watan garwashi da watan ƙyuya. Da ya gama ya ce waƙar ranar suna da shirun da ya biyo baya duk ciwo ɗaya ne, yana da hawa yana da sauka, kuma haihuwa takan tayar da shi. Sani ya ce a takardun likita sunansa bipolar, mu dai a gida "ciwon Zali" ake ce masa. Likitan ya ce akwai magani, ba ya warkarwa amma yana riƙewa, sai dai yana bin nono ya shiga jikin jariri. Daga baya an sami wasu dabaru, shi ya sa na shayar da ƙannenki likita yana dubawa, kuma na san wannan ma ya tsaya miki a rai. A lokacinki abin da ke hannunsa ke nan. Babanku ya buɗe baki zai yi magana, likitan ya ɗaga masa hannu ya juyo wurina.

"Ke za ki zaɓa. In kin sha, wata za ta ba ta nono. In ba ki sha ba, ban iya ce miki ba ki komawa bisa gada."

Da ma in ce miki na yi kuka, na yi ta jayayya. Ban yi ba. Na ce a ba Ramatu, kamar wadda aka tambaya wa za a ara wa turmi. Na bayar da ke a ranar da ba na jin komai, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a duk labarin. Zaɓin daidai ne, ko yau aka sake tambayata shi zan yi, don shi ya sa kike raye nake raye. Amma zafinsa bai same ni a ranar ba, sai daga baya ya zo.

Ramatu tana goyon ɗanta ɗan wata biyar a lokacin. Ta zo ranar kasuwa ta karɓe ki, ta sa ki a nono nan take a gabana, kika kama kina zuƙa har ana jin ƙarar haɗiyarki daga tsakar gida. Kin rame a hannuna ban lura ba. Ta tafi da ke Madekali da la'asar. Iya ta ɗaure mini ƙirji da zane har nono ya ƙafe, na koma ɗakin babanku, ina shan ƙwayata safe da yamma. A hankali na fara cin abinci, na fara fita rana, na fara faɗa da masu kifi. Wata uku bayan tafiyarki babanku ya sayo sabon tulu. Na zuba masa ruwa, ƙamshin ya bugi hancina. Na zauna a ƙasa na rungume tulun ina kuka. Son ya dawo gaba ɗayansa, har da ƙari, ya tarar ba kya nan.

Na ƙirga kwanaki har ranar kasuwa. Ramatu ta sauka gidan Iya da ku biyu, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Kin yi ɓulɓul, kin fara dariya. Ban san lokacin da na fizge ki ba. Na tura hancina cikin gashinki, ina dariya ina hawaye, sunanki ya taho har bakin leɓena. Sai na ji gidan ya yi tsit. Na ɗago na ga Iya ta ajiye ludayi, Ramatu ta matso da hannuwa a buɗe kamar mai tarar ƙwai. Iya ta ce, da murya mai taushi:

"Zali, kin sha maganinki yau?"

Na sha, a gaban babanku ma na sha. Amma na ga tsoron da ke idonsu, kuma ban ga laifinsu ba, su ne suka karɓo ki daga hannun jandarma. Na miƙa wa Ramatu ke, na gyara ɗankwali, na tambaye ta ya shinkafarsu ta yi bana. Nan take kowa ya saki numfashi. A ranar na koyi darasin da na riƙe shekara talatin da bakwai: in ina so a bar ni kusa da ke, sai in nuna ban damu da ke ba.

An yi alkawari in an yaye ki za ki dawo. Da kika cika shekara biyu muka tafi Madekali ɗauko ki, ni da babanku da Iya. Na tafi da zanen nan mai ratsin baƙi a ƙasan jakata, ban gaya wa kowa ba. Muka tarar da ke a gindin turmi kina wasa da ɓawon gyaɗa. Ramatu ta ce ki zo ki gaida Inna Zali. Kika dube ni, kika ruga kika ƙanƙame ƙafarta kina tsala kuka. Kowane yaro haka yake yi, da an ɗauke ki da ƙarfi kwana uku kin manta. Abin da jikina ke so shi ne in faɗi ƙasa in rungume ki, in yi kukan da ya fi naki, in ce ni ce, ni ce. Amma mutanen gidan duk sun fito, ido ya yi mini yawa, kuma na san abin da za a ce in na yi. Za a ce ya taso, a mayar da ni Yamai, ko ranar kasuwa a daina kawo ki. Ramatu ma hawaye take yi, ta shayar da ke shekara biyu, ba dutse ba ce. Babanku ya dube ni ya ce:

"Zali, mi kinka ce?"

"A bar ta. Nan tas saba."

Na faɗe shi a bushe, ina kakkaɓe zanena. Matan gidan suka ce kai, wannan mata akwai kunya, akwai kawaici. Wannan ita ce maganar da aka ba ki, cewa uwarki ta zo ta dube ki ta ce a bar ki, ko hawaye ba ta yi ba. Haka aka yi, ba a ƙara komai ba. Abin da ba a gani ba, na ciji cikin kuncina har na haɗiyi jini, kuma zanen ya dawo Malanville a ƙasan jaka yadda ya tafi. Babanku ya sha cewa mu koma mu ɗauko ki, ni nake hanawa, don kullum ina tsoron wata rana ciwon zai tashi kina hannuna. Ya kuwa tashi sau biyu bayan haka, lokutan da na yi wasa da magani. Zaɓin farko likita ya sa ni, wannan na biyun, na cewa a bar ki, ni na yi shi da hankalina, kuma shi ne nake neman ki yafe mini.

Daga nan na zama gwanar satar kallo. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa rumfata ta albasa take can ƙarshen layi, inda ciniki bai kai na tsakiya ba? Daga nan ake hango motocin Madekali. Na ga ranar da kika fara saka ɗankunne, na ga shekarar da haƙoranki na gaba suka fita, na ga lokacin da kika fara jin kunyar samari. In kin zo gaishe ni in ce "ke, an zo lafiya?" in cika miki leda da albasa in ce ki kai wa Innarki, ki juya, in bi bayanki da ido har ki shige cikin mutane. Takalman salla da kike gode wa Ramatu, ni nake saya, ƙafarki na auna da ido. Ranar aurenki na zauna a bayan ɗaki tare da masu wanke kwanoni, aka ce kunyar ɗiyar fari ce. Da kika tashi haihuwa Madekali kika tafi wanka, ni na aika da itace da kanwa. Ramatu ba ta taɓa ɓata ni a wurinki ba, Allah ya haskaka kabarinta. Ta sha ce mini in gaya miki, ni nake cewa ba yanzu ba.

Bayan sadakar bakwai ɗinta kika biyo ta nan za ki koma gidanki a Gaya. Na ce zan raka ki inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa a gindin gada, kika ce in huta, na ƙi. Muka tafi tare. Kika sami mai moto, wato babur, kika gyara mayafi, kika ce sai wani jiƙon. Ina kallon bayanki, ga furfura ta fara fito miki a ƙeya, ga gadar nan a gabanki. Na tuna Iya ta tafi, Goggo ta tafi, babanku ya tafi, yau Ramatu ma ta tafi, duk idon da nake tsoro ya rufe. Sai na buɗe baki na kira sunanki, na yanka, da ƙarfi, karo na farko tun shekarar da na haife ki. Kin kuwa ji. Kika dakatar da mai moton, kika sauko, kika dawo da sauri. Na ɗauka rungume ni za ki yi. Kika kama wuyan hannuna, kika leƙa idona, kika ce a hankali don kada mutane su ji:

"Inna Zali, kin sha maganinki?"

Na ce na sha. Kika ce to in koma gida in kwanta, rana ta yi zafi. Kafin in kai gida kin kira Sani a waya kin ce ya sa mini ido.

Ban ga laifinki ba, abin da aka koya miki ke nan, kuma ni na taya aka koya miki. Shi ya sa na zaɓi takarda. Na fara babin nan ana dashen albasa, ga shi har an kwashe ta an kai kasuwa. Shafi ɗaya nake yi in ajiye, wani lokaci sai bayan sati in koma. Ki tambayi Sani, ina barci, ina cin abinci, ƙwayata ba ta tsallake rana, likita ya gan ni watan jiya ya ce lafiya lau. Na zauna da ciwon nan fiye da shekara arba'in, na san tafiyarsa, in ya taso ba ya iya jiran ko tafasar ruwa. Abin da ke cikin takardar nan ya jira tun kina ƙamshin sabon tulu.

Zanen yana nan a ƙasan akwatina, ratsin ya koɗe. Ba na cewa ki daina kiran Ramatu Inna, ta ci sunan da guminta. Abu ɗaya nake roƙo. Ki zo wata ranar kasuwa, ki same ni a ƙarshen layi, ki zauna a kan buhu. Kada ki tambaye ni magani, zan sha a gabanki in kina so. Ki bari in kira ki sau ɗaya, ke kuma ki amsa, Mariyama.